Yadda Na Sayar da Muryar Malamina

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Waɗanda suka san ni a Dogon Dutsi sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuma ba su yi asarar komai ba. Ina wannan rubutu ne saboda ku samari da 'yan mata masu tasowa, musamman ku da Allah ya ba basirar taɓa na'ura, waɗanda in waya ko kwamfuta ta rikice a gida ku ake ƙwala wa kira. Ni ma haka nake a da, kuma ba a haife ni ɓarawo ba.

Mahaifina mai gyaran keke ne a bakin tasha. Talaka ne, amma mutum ne mai tsantseni, wanda in ya cire ruɓaɓɓen ƙarfe daga keken mutum sai ya miƙa masa abinsa ya ce ya tafi da shi. Ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, na yi har ajin ƙarshe na kolej, na faɗi jarrabawa, na ce ni da takarda mun raba gari. Sai aka tura ni Yamai wurin kawuna. A can na samu aikin shara a wani shagon intanet, kuma a can ne na fara zama gaban kwamfuta in mai shago ya fita salla. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na koyi zuba manhaja, na koyi korar birus, wato cutar kwamfuta, na koyi buɗe cikin na'ura in mayar da ita ba tare da na bar ko ƙusa ɗaya a waje ba. Da na ga hannuna ya faɗa, sai na tattaro 'yan komatsaina na dawo gida, na kama ɗan shago kusa da kasuwa.

A lokacin kwamfutoci na hannu sun fara shigowa gidaje. Malaman lakwal, ma'aikatan asibiti, tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu suka aiko musu da ita, ɗalibai masu zuwa hutu, kowa da tasa, kuma kowa da irin ɓarnar da yake yi mata. Wata za ta lulluɓe tata da mayafi mai ado don kada ta yi datti, ta toshe mata wurin shan iska, sannan ta zo ta ce mini ordinatar ɗinta, wato kwamfutarta, na zazzaɓi. Wani zai zuba maganin birus kala uku lokaci guda, su kama kokawa da juna a ciki, na'ura ta tsaya cak, ya ce an yi masa asiri. Wani tsohon ma'aikacin gona ya taɓa zuwa mini gumi sharkaf wai ya goge intanet gaba ɗaya, alhali ɗan hoton da ake dannawa ne kawai ya jefa kwandon shara. Nakan yi musu dariya, su ma su yi, in gyara, su sa mini albarka. Wallahi na ji daɗin wannan zamani, kuma barcina a lokacin barci ne mai daɗi.

Akwai wata cuta da ta addabi mutane a shekarun nan, muna ce mata rakursi. Tana bin kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ku kun san yadda kile take yawo a unguwa: yau an ɗauko wa'azi a gidan wane, gobe waƙa a gidan wance, jibi hotunan suna. In rakursi ta shiga, sai ta ɓoye ainihin kayan mutum, ta ajiye wasu hotunan bogi masu kama da su sak, sai dai kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Ka danna, ba komai a ciki. Mai kaya ya ɗauka komai ya tafi, alhali suna nan lafiya lau, an dai ja musu labule ne. Wanda ya san kan abin, kafin ya gama kurɓar shayi ya fito da su.

Wata rana wata ungozoma ta shigo shagona tana hawaye, ta ce, "Ɗan'uwana, ka taimake ni. Duk aikina na ciki, yanzu ba komi sai waɗanga 'yan kibau." Na karɓa, na danna abin da zan danna, kayanta suka fito. Ta leƙa, ta share ido, sai ta ce, "Haka ɗai? Ashe ba wani aiki ba na." Ta ajiye mini abin da bai fi na goro ba, ta yi gaba. Maganar nan ta ƙona mini rai. Na zauna ina cewa a zuciyata, ashe saurin hannuna ne ke karya mini daraja. Daga ranar na koyi girgiza kai. In aka kawo mini abin da zan gama nan take, sai in tsuke fuska, in ja tsaki, in ce, "Kai, wannan ta yi nisa. Sai dai a bar ta ta kwana biyu, mu ga abin da Allah zai yi." Mutum ya tafi da fargaba, ya dawo da murna, ya biya da daɗin rai, har ya ƙara da godiya. Ban kira wannan sata ba, na kira shi wayon kasuwa.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da kasuwa ta ja baya, sai na daina jiran cuta ta zo, na fara shuka ta da hannuna. Ina da kile guda da na ajiye da rakursi a ciki. Duk wanda ya kawo gyara, in na gama sai in soka masa ita kafin in rufe. Na san halin garinmu, ba a rowar kile. Kafin a jima cutar ta zaga gidan, ta tsallaka maƙwabta, ta hau mota ta tafi ƙauye. Haka kuma nakan zuba wa mutane wata manhajar share datti ta gwaji, wadda na san bayan ɗan lokaci za ta fara fito musu da jan gargaɗi tana cewa na'ura na cikin haɗari. Suna ganin ja sai su rungumo ta su nufo ni. Har kirari ake yi mini, wai likitan ordinatar.

Daga nan sai na haɗu da wani mutum da muke kira Ɗan Iyaka. Yakan zo ranar kasuwa, ya sayi kayan cikin na'ura, ya tsallaka iyaka da su. Shi ya fara ce mini, "Kai, waɗanga mutane sun san abin da ke cikin akwatinsu? Su dai in ta kunna shi ke nan." Gaskiya ya faɗa, kuma da ita ya halaka ni. Na fara cire ƙananan sandunan ƙwaƙwalwar na'ura, in akwai biyu in bar ɗaya. Sannan na kai ga diski, wato rumbun da komai ke ajiye a cikinsa, in cire babba mai kyau in sa ƙarami tsoho. In mutum ya ce na'urarsa ta ƙara nauyi, sai in ce tsufa ne. In ya matsa, sai in ce sai an yi mata formate, a wanke ta tas a sake zubi, kuma wankin nan shi ke share sawuna. Mutanen da nake yi wa haka su ne masu gaishe ni a masallaci, masu tambayata jikin mahaifiyata.

Ana nan sai wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar shagona da ƙunshi a ka. Ta sauke, ta kwance zane, sai ga kwamfuta. Ta dube ni ta ce, "Kai na ɗan mai gyaran kekuna? Ni ce Rabi, matar Malam Arzika na Dumega. Ko ka manta wanda ya koya maka karatu?"

Ina zan manta. Malam Arzika shi ya riƙe ajinmu a ƙaramar lakwal. Dogo ne, mai murya kamar ana buga ganga a cikin ɗaki, wanda in ya fara ba da labari har 'yan wani aji ke laɓewa a taga. Da ya yi ritaya ya koma garinsu, ya riƙa yin shiri a wani ƙaramin gidan rediyon karkara. Yakan yi tatsuniya, ya ba da tarihin garuruwan Arewa, ya ja hankalin manoma da makiyaya a kan burtali kafin damina. Ɗansa Sani, wanda ke aiki a Damagaram, shi ya saya masa kwamfutar, kuma duk shirin da Malam ya yi sai ya kwafo ya ajiye a ciki.

Inna Rabi ta zauna a bencina ta ba ni labarin da ban sani ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama Malam, ya ɗauke masa ɓangaren dama, ya ɗauke harshe. Yana ji, yana gane kowa, amma magana ta ƙi fita. Wani ma'aikacin lafiya ya ba su shawara su riƙa kunna masa muryarsa ta da, yana saurare yana ƙoƙarin bi. Ita ba ta yi lakwal ba, amma ta haddace wurin: akwai 'yar jaka ruwan ɗorawa a kusurwar allo, a danna ta sau biyu. Kullum da safe in ta ba shi koko sai ta kunna, su zauna su biyu suna jin Malam na da yana magana. Ta ce har ya fara kama bakin sallama, yana fitar da rabinta. Sai ga shi wani maƙwabci ya soka kilensa don ya kwafi tatsuniya, tun daga ranar in ta danna ba abin da ke fitowa.

Ban ko buɗe ba na san mene ne, na kuma san daga shagon wa cutar ta taso.

Ta nuna mini wani jan ɗigo na jan farce a gefen murfin, da zare da ta ɗaura a wayar caji. Ta ce, "Na yi mata shaida, kamar yadda ake ma awaki, kada a musanya min ita cikin na mutane. Ba don ban yarda da kai ba, ɗana. Muryar malaminka na cikin wagga aba, ba mu da wata." Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ki je ki yi cefanenki ki dawo." Allah ya sani, a wannan lokacin niyyata in gyara mata kyauta.

Da ta fita na kunna. Sai idona ya faɗa kan irin diskin da ke ciki. Sani bai yi wa mahaifinsa rowa ba, sabon samfuri ya sa masa, babba, mai sauri, irin wanda Ɗan Iyaka ya daɗe yana yi mini naci a kansa. Kuma ga Ɗan Iyaka a gari, motarsu na lodi. Sai shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi mini lissafi mai daɗi. Tsoho da tsohuwa me za su yi da diski mai gudu? Murya kawai suke so. In kwafe muryar in zuba a wani tsohon diski, in sa musu, su ji abinsu, ni ma in ji nawa. Ba wanda ya cutu.

Na ɗauko tsohon diski daga akwatina, na haɗa, na jawo jakar nan ruwan ɗorawa da 'yan'uwanta na jefa a ciki. Ɗan Iyaka na tsaye a kaina yana cewa in yi sauri direba na danna oda. Kwafin ya ƙare nan da nan, kamar ƙiftawar ido. Shirye-shiryen shekaru ba sa kwafuwa haka, ko ɗan koyo ya san wannan. Ni da na fi kowa sanin rakursi a garin nan, ni da na yi kiwonta kamar akuya, ban tsaya na fito da ainihin kayan daga ɓoye ba, ban ko dubi 'yar kibiyar da ke gindin jakar ba. Hotunan bogin na kwafa. Sannan na yi wa diskin Malam formate don kada a ga na wane ne, na cire shi, na naɗe a takarda na miƙa. Ɗan Iyaka ya sa a aljihu ya ruga tasha.

Sai da na zuba sabuwar manhaja a tsohon diskin, na zo gwadawa, na danna jakar sau biyu. Na'ura ta ce abin da nake nema babu shi. Na sake dannawa. Na bi duk hanyar da na sani ta fito da ɓoyayyen abu, ba komai, don ba a taɓa zuba komai ba. Gumi ya karyo mini. Na fita da gudu zuwa tasha, aka ce motar ta daɗe da tashi. Ko da na same ta ma, na san irin wannan sabon diski in an wanke shi ba ya dawo da abin da ya haɗiye.

Inna Rabi ta dawo da la'asar da 'yar ledar cefanenta. Abin da ta fara dubawa shi ne jan ɗigonta da zarenta. Ta gan su, ta yi murmushi ta ce, "Ita ce." Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai ƙarya ta riga ta fitowa. Na ce, "Inna, birus ɗin nan mugu ne. Ya cinye komai kafin ki kawo ta. Na yi iya ƙoƙarina." Ta kalli allon. Can ta ce, "Komi da komi?" Na ce komai da komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure ƙunshinta a hankali, sannan ta ce, "Ɗana, ni ban iya hwaɗa mai wanga zance. Ka taimake ni ka zo ka gaya mai da bakinka, kai ka san yadda abin yake."

Na je. Na hau motar Tibiri, daga nan na ƙarasa Dumega. Na tarar da Malam a ƙarƙashin rumfar kara, zaune a kujera, hannun dama kwance a cinya kamar ba nasa ba. Yana ganina idonsa ya yi haske, ya gane ni sarai. Bakinsa ya motsa, ya fitar da wani ɗan sauti, rabin sallamar nan da Inna ta faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na zuba masa ƙaryar da na shirya a mota, har da kalmomin Faransanci don ta yi nauyi. Ya saurare ni har na gama. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Sai ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannuna ya matse, yana gyaɗa kai. Godiya yake yi mini da na taso takanas. Da zan tafi Inna ta dama mini fura, ta kuma ƙulla mini ƙwan zabi in kai wa mahaifiyata. Na sa hannu biyu na karɓa. A duk abin da na aikata a rayuwata, ba abin da ke sa ni jin ƙyamar kaina kamar karɓar ƙwan nan.

Kada ku ɗauka na tuba daga nan. Na yi kwanaki ba na cin abinci sosai, sannan zuciya ta bushe, na koma ruwa. Inna Rabi kuwa ta je gidan rediyon ko suna da kwafi, suka ce tsohuwar na'urarsu ta daɗe da mutuwa da duk abin da ke cikinta. Ta bi gidajen da suka taɓa kwafar tatsuniya, ta tarar cutar ta bi su, kuma yawancinsu sun kawo mini na wanke musu tas.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Bayan an gama girbin hatsi Sani ya zo ganin gida. Shi ya san abin da ya saya. Ya kwance bayan kwamfutar ya leƙa, washegari sai ga shi a shagona. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye tsohon diskin a kan teburina ya ce, "Ina wanda na sa ma babana?" Na fara kame-kame, sai na hango jandarmomi biyu a bakin ƙofa. Suka bincike shagon, suka fito da akwatin da nake tara kayan mutane. Labari ya zaga gari kafin azahar. Mutane suka yi ta zuwa ofishin jandarma da kwamfutocinsu a hammata, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gabana, kowa na ganin abin da aka yashe masa. Ungozomar nan ma ta zo. Ba ta zage ni ba, ta dai dube ni ta ce, "Kai da muka ɗauka ɗan gida na." Na faɗi sunan Ɗan Iyaka, Sani ya tsallaka nemansa, ya dawo hannu rabbana.

Ranar shari'a aka kawo Malam, aka ɗauko shi da kujerarsa aka ajiye a gaba. Da aka gama karanta laifuffukana, alƙali ya juya ya tambaya ko mai kayan yana da abin cewa. Malam ya buɗe baki. Haɓarsa ta yi ta rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, kowa ya yi tsit yana jira. Ba abin da ya fito, ko rabin sallamar nan babu. Sai Inna Rabi ta miƙe ta ce, "Ranka shi daɗe, abin da yake koyon magana da shi, shi na anka ɗauke." Na sunkuyar da kai, na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Aka yanke mini ɗauri.

Zaman kaso ba sai na ba ku labarinsa duka ba. Zafi, cunkoso, ƙaiƙayi, da tuwon da in ka jefi bango da shi zai dawo maka. Amma duk wannan jiki ne ke sha, kuma jiki na sabawa. Mahaifina ya zo ganina sau ɗaya. Ya tsufa a 'yan watanni. Ya daɗe yana kallona ta tsakanin ƙarafa, sannan ya ce, "Da keke ka sata, da na san yadda zan biya mai shi." Ya juya ya tafi. Ina ciki aka aiko mini ya rasu, ban samu ko sallar gawarsa ba. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro.

Akwai wani matashin ɗan kasuwa mai wa'azi da yakan zo mana ranar Juma'a. Wata rana na keɓe da shi na kwashe labarina na gaya masa, ina so ya ce mini tunda na yi nadama shi ke nan. Bai ce haka ba. Ya ce, "Tsakaninka da Allah, ƙofar tuba a buɗe take. Amma haƙƙin mutum yana nan a wuyanka sai mai shi ya yafe." Tun daga ranar ba ni da wata addu'a sai Allah ya bar Malam da rai har in fito.

Allah ya karɓa. Da aka sake ni, na kwana a ɗakin mahaifiyata, gari na wayewa na nufi Dumega. Inna Rabi ce ta amsa sallamata. Ta daɗe a tsaye tana dubana, har na ɗauka za ta kore ni, kuma da ta yi haka ba ta yi laifi ba. Sai ta kauce daga ƙofa ta ce, "Shigo. Ga shi can, shi za ka roƙa."

Malam na kwance a kan gado a cikin ɗaki, ya rame har ban so in dube shi ba. Inna ta ce tun da muryar ta tafi ya daina ƙoƙari. Sun gwada kunna masa muryoyin wasu, sai ya juya fuska bango. Na durƙusa a gaban gadon, na faɗi komai, tun daga kilen da nake shuka cuta da ita har zuwa hotunan bogin da na kwafa saboda gaggawa. Ban rage ko ɗaya ba. Na ce, "Malam, ni ne. Ba birus ba ne, ni ne. Don Allah ka yafe mini." Ya zuba mini ido. Ya daɗe a haka. Sai hannunsa na hagu ya ɗaga kaɗan daga kan bargo, ya tsaya a sama, sannan ya koma ya kwanta. Ban sani ba ko kirana yake in matso, ko cewa yake in tashi in ba shi wuri. Na dubi Inna ko za ta fassara mini, sai ta girgiza kai ta ce ita ma wannan ba ta gane shi ba.

Ta rako ni har zaure. A nan ta ce, "Wahalar da na sha, ni na yahe maka ita, don ina son Allah shi yahe min nawa. Nashi kuwa ba ni da iko da shi." Ta gyara mayafinta ta ce, "Ka san abin da ya hi ci min rai, ɗana? Da can ko bai yi magana ba, ina kunnawa in ji shi. Yanzu na hwara manta yadda yake kiran sunana."

Yau noma nake yi a gonar da mahaifina ya bari. Jefi-jefi wani yakan kawo mini kwamfuta, don har yanzu hannun bai manta ba, amma ba na taɓa ta sai mai ita na zaune yana kallo, kuma ba na bari ta kwana a wurina.

To, ku 'yan'uwana masu tasowa, ga abin da zan ce muku. In Allah ya ba ku sanin abin da mutanen gidanku ba su sani ba, ku ji tsoron wannan sanin, don amana ce. Wanda ya miƙo muku na'urarsa bai san abin da ke cikinta ba, ku ma kuma ba ku san abin da take a wurinsa ba. In gyara mai sauƙi ne, ku ce mai sauƙi ne, ko da za a raina ladanku. In kun cire abu, ku miƙa wa mai shi. Kada ku wanke na'urar kowa sai kun buɗe abin da kuka kwafa kun gani da idonku, kun ji da kunnenku. Ku kuma koya wa iyayenku ajiye abin da suke ƙauna a wuri biyu. Ni ban fara da satar diski ba, da girgiza kai na fara a kan aikin da ba shi da wuya, kuma a lokacin, da a ce wani ya gaya mini ga inda za ta kai ni, da na yi masa dariya.

Malam Arzika ya rasu a daminar da ta biyo bayan fitowata. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Har yau ban sani ba ko ya yafe mini, kuma ba wanda zan tambaya.